Na Karanta Shida, Biyu Suka Zauna

A farkon watan na ja layi a bayan littafin rubutuna, na fitar da gidaje uku: sunan littafi, yawan shafuka, ranar gamawa. Burina takwas ne, biyu a kowane mako. Da wata ya ƙare na duba, shida na kammala, ɗaya na ajiye shi a tsakiya, na takwas kuwa ko bangonsa ban ɗaga ba.

Wata 'yar tambaya ce ta rushe mini lissafin. Washegarin ranar da na gama na uku, wani littafi a kan yadda mutum zai tsara lokacinsa, na shiga ofis ina ta zuba masa yabo. Wani abokin aikina da ya girme ni ya ɗago kai daga kwamfutarsa ya ce, "To Malam, me littafin ya ce?" Na ce ai marubucin ya san abin da yake yi, littafi ne da ya kamata kowa ya karanta. Ya ce, "Na ji wannan. Shi littafin fa, me ya ce?" Nan na yi turus. Shafi sama da 200 na gama a daren jiya, amma na kasa haɗa jimla uku. Bai ƙara cewa komai ba, ya mayar da idonsa kan aikinsa, ni kuma na wuni da abin a raina.

Da farko na ɗauka kaina ne ya yi nauyi. Sai daga baya na gane ciwon na kowa ne, kuma an daɗe da auna shi. Tun a 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa. Yakan haddace jerin gaɓoɓin kalma marasa ma'ana, sannan ya koma musu bayan mintuna, bayan awanni, bayan kwanaki, ya ga nawa suka zube. Ya gano cewa asarar mafi girma a farko-farko take faruwa, cikin awannin farko da ranar farko, daga nan sai zubewar ta lafa. Wato lokacin da nake cika baki a ofis, littafin ya riga ya fara sulalewa tun ina barci.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne binciken Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na 2006 a Amurka. Sun ba ɗalibai gajerun rubuce-rubuce. Wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu kuma aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti 5, masu maimaitawa ne a gaba. Da aka gwada bayan mako guda, sai reshe ya juye da mujiya, masu rufe takarda suka yi musu fintinkau. Abin dariyar, masu maimaitawar ne suka fi yarda da kansu cewa za su tuna. Ni ke nan. Ido yana gudu a kan shafi, komai ya zo da sauƙi, sai mutum ya ɗauki sauƙin nan a matsayin sani.

Daga littafi na huɗu na canza salo. In na gama babi sai in kife littafin, in ɗauki biro in rubuta layi huɗu ko biyar da ka, ba leƙe. Ranar farko abin kunya ne, layi biyu na samu, ɗayan ma da na duba ashe na juya maganar marubucin. Kuma yana cin lokaci ba kaɗan ba. Shi ya sa takwas ɗin ta gagara, ban kuma yi da-na-sani ba.

Na huɗun nan shi ya zama gwanina na watan. Tarihin takarda ne, abin da ban taɓa zaton zai hana ni barci ba. Har yanzu ina iya ba da labarinsa ba tare da na buɗe shi ba. A shekara ta 105 wani ma'aikacin fadar sarkin Sin mai suna Cai Lun ya gabatar da takardar da aka yi da ɓawon itace, tsummoki da tsohuwar komar kamun kifi. Sana'ar ta ɗauki ƙarnuka kafin ta iso Samarƙand a ƙarni na 8, kafin ƙarshen ƙarnin kuma ana yin takarda a Bagadaza. Ta Andalus ta shiga Turai. Da Gutenberg, Bajamushen da ya ƙirƙiro injin buga littattafai a Turai, ya buga Baibul a birnin Mainz wajen 1455, kimanin kwafi 180, mafi yawansu a kan takarda ya yi su, sauran a kan fata. Inda na fi daɗewa ina juyawa shi ne batun fatar. Littafi babba guda ɗaya yana iya cinye fatun garke guda, to wa zai mallaki littafi in ba mai dukiya ba? Ashe tsumman da aka jefar ne ya sauko da karatu ƙasa har talaka ya kai hannu. Na rufe babin ina kallon littafin rubutuna da na cika da zane-zanen banza, sai na ji wani iri.

Na biyun da ya zauna tsohon aboki ne, wani ƙagaggen labari da na karanta ina sakandare. A lokacin haushin uban yaron nake ji, mutum mai taurin kai da ya hana ɗansa tafiya. Wannan karon sai na tsinci kaina a bayan uban, ina jin tsoron da ke cinsa a duk kalmar da ya furta. Ba a ƙara ko wasali ɗaya a littafin ba. Shi ban rubuta masa komai ba, bai ma nemi hakan ba. Labari yana da nasa ƙugiyoyin da yake maƙalewa da su, kuma ina ganin zalunci ne a mai da kowane karatu jarrabawa.

Wanda na ajiye a tsakiya kuwa, magana ɗaya ce marubucin yake ta sauya mata riga babi bayan babi. Da can nakan daure in kai ƙarshe don kada gidan "ranar gamawa" ya zauna fanko. Wannan karon na bar shi fanko.

Sauran guda huɗun, har da wanda na yi ta yabo, sunayensu na nan a jadawali, shafukansu a ƙirge. In ka tambaye ni abin da ke cikinsu, kame-kame zan yi maka.

A makon ƙarshe abokin aikin nan nawa ya ga littafin takardar a kan teburina, ya ɗaga shi yana juyawa, ya ce, "Wannan fa, me ya ce?" Na gyara zama. Sai da na kai shi Bagadaza kafin ya ɗaga hannu ya ce ya isa haka, kada in ƙarasa masa. Ya sa littafin a jakarsa, ya ce kwana uku zai yi da shi. Yau kwana goma sha ɗaya.