Yadda na koyi kai ƙarfe bisa kai

Na shafe kusan shekara shida ina ɗaga ƙarfe a bayan gidanmu a Kaduna, da sandar bututu da gwangwanayen da muka cika da siminti, kuma abin da muke alfahari da shi a lokacin bai wuce faɗin ƙirji da kaurin damtse ba. Don haka ranar da na fara zuwa ɗakin horon da ake koyar da ɗagawa irin ta gasar Olamfik, na shiga da tabbacin cewa kai nauyi bisa kai ba zai gagare ni ba.

Kocin ya fara gwada ni da turawar tsaye, wato ƙarfe a kan kafaɗa, gwiwa a miƙe, hannu kaɗai ke aiki, sai na tura kilo 70 ba tare da wahala ba. Da ya ce in yi ɗagawar da suke kira jak, wadda ake ɗan duƙawa a cilla ƙarfen da ƙarfin ƙafa, sannan a ware ƙafafu gaba da baya a shige ƙarƙashinsa, da ƙyar na kai 80. A gefena akwai wata baiwar Allah da na fi ta nauyin jiki nesa ba kusa ba, wadda turawarta ta tsaye ba ta wuce kilo 45 ba, amma a gabana ta cilla 90 ta tsaya cak. Da ta ajiye sai ta ce, "Yayana, hannunka na riga ƙafarka tashi."

Sai da na yi makonni kafin na gane maganarta. A wannan ɗagawa cinya da ƙugu ne ke ba ƙarfen gudu, aikin hannu kuwa shi ne tura jikin mai ɗagawa ƙasa har gwiwar hannu ta kulle kafin ƙarfen ya fara dawowa. Ni kuwa saboda na saba dogara da kafaɗa, sai in fara turawa tun ƙafa ba ta gama miƙewa ba, in ƙarasa da matsa ƙarfen sama a hankali, abin da alƙalan gasa ke kunna wa jar fitila, alamar ba a karɓi ɗagawar ba. Turawar tsaye ma an cire ta daga gasa bayan Olamfik ɗin Munich na 1972, domin masu ɗagawa sun riƙa gantsarewa baya har hukunci ya zama da wuya.

Bambancin maza da mata na nan, amma ba a inda na zata ba. A dunƙule ƙarfin hannu da kafaɗar mace yana kusa da rabin na namiji, alhali a ƙafa tazarar ta fi ƙanƙanta, kuma manyan ɗagawa na duniya sun fi bin lissafin ƙafar. A 2021 a birnin Tashkent, Lasha Talakhadze na Jojiya ya kai kilo 267 bisa kai, Li Wenwen ta Sin kuma ta kai 187 a wannan birni cikin wannan shekara, wato kusan kashi 70 cikin 100 na nasa. Sandar mata kilo 15 ce mai kaurin milimita 25, ta maza kuma kilo 20 mai milimita 28, don ta dace da tafin hannu. Sai a Sydney a 2000 aka fara gasar ɗaga ƙarfe ta mata a Olamfik, kuma a can Ruth Ogbeifo ta ciyo wa Najeriya lambar azurfa.

Muhimmancin ƙafa bai sa kocin ya raina kafaɗa ba. Abokiyar horon tamu takan cilla nauyin da ya fi ƙarfin riƙonta, gwiwar hannunta ta yi rawa, ƙarfen ya zame gaba, don haka ya ƙara mata turawar tsaye da riƙe nauyi mai yawa bisa kai na 'yan daƙiƙu. Ni kuma ya hana ni turawar kwance a kan benci har wata uku, abin da ya yi mini ciwo ƙwarai, ya haɗa ni da tsugunno da ƙarfe a gaban wuya da kuma sassauta kafaɗa da sandar tsintsiya, domin ƙirjina ya ɗaure har ba na iya kai hannu bayan kunne. Sau ɗaya na saci hanya na koma benci, wuyan hannuna da kafaɗar dama suka yi mini tsami na mako biyu.

Bayan wata takwas jak ɗina ya kai kilo 105, turawar tsaye kuwa kilo biyu kacal ta ƙaru. Ita kuma turawarta ta hau zuwa 52, kuma tun daga nan ban sake ganin gwiwar hannunta ta lanƙwashe a ƙarƙashin ƙarfe ba.