Wasiƙa daga Manchesta: a nan kowane yaro da rukuninsa

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ya iyali, ya haƙuri da tsadar rayuwa? Mu nan lafiya lau, sai sanyi. A yi mini uzuri, gaisuwar ta tsaya nan.

Tambayoyinku sun taru mini a WhatsApp: kuɗin haya, inda ake samun naman halal da daddawa, da yadda ake kai azumi idan rana ta ƙi faɗuwa. Zan taɓa su in Allah Ya yarda. Amma wadda ta fi maimaituwa, musamman daga masu shirin tahowa da iyali, ita ce: "Wane aji za a sa ɗana?" Amsar ba ta hannun ƙoƙarin yaron, ba ta hannun tsayinsa. Tana jikin ranar da aka haife shi, kuma kafin ku gane haka sai kun fara gane yadda mutanen nan ke kiran yara.

Mu a gida jikin yaro muke dubawa. Jariri ne, ya fara zama, yana rarrafe, yana tatata, an yaye shi, ya yi wayo, ya isa aike, ya balaga. Su kuma kalanda suke dubawa. Daga haihuwa zuwa shekara guda bebi ne. Da ya fara takawa yana tangaɗi, wajen shekara 1 zuwa 3, sai ya koma todila. Daga 3 zuwa shigarsa makaranta yana da wani sunan mai nufin "na gab da makaranta". 'Yan shekara 9 zuwa 12 ma an ƙago musu suna, tuwin, wato na tsakani, kodayake masu tallar kaya sun fi iyaye amfani da shi. Daga 13 zuwa 19 kuwa tineja ne, saboda a ƙidayarsu lambobin nan duk da sautin "tin" suke ƙarewa.

Kafin yaro ya cika shekara 2 ma ba a faɗin shekarunsa, watanni ake lissafawa. Ka tambayi uwa a wurin wasan yara, sai ta ce maka wata 19. Ba za ta ce shekara ɗaya da rabi da 'yan kai ba. Kayan sawa ma haka aka jera su a kanti: wata 0 zuwa 3, 3 zuwa 6, 6 zuwa 9, har a kai shekara 2 zuwa 3. Shi ya sa idan kuka ce in sayo wa yaro riga na tambayi watanninsa, kada ku ce na zama Baturiya. "Ya kai kamar ɗan wance" ba ya saya mini komai a nan.

Da a baki abin ya tsaya da sauƙi. Kowane rukuni da dokarsa da farashinsa. A jirgin ƙasa wanda bai kai 5 ba kyauta yake hawa, daga 5 zuwa 15 rabin kuɗi, ranar da ya cika 16 ya zama babba a idon mai duba tikiti. A bas ɗin Landan kyauta ne ga wanda bai kai 11 ba. A jirgin sama wanda bai cika 2 ba a cinya ake riƙe shi. A mota dole yaro ya zauna a kujerarsa ta musamman har ya cika 12 ko tsayinsa ya kai santimita 135, duk wanda ya riga zuwa. Kayan wasa masu ƙananan ɓaɓɓake an buga musu alamar hani ga wanda bai kai wata 36 ba. Maganin zazzaɓi na ruwa akwai na ƙanana, akwai na 'yan shekara 6 zuwa sama, kuma ba a ba wanda bai kai 16 ba asfirin sai likita ya ce. Zuma kuwa, wadda wasu gidajenmu ke lasa wa jariri tun kafin suna, a nan an hana sai ya cika shekara, saboda wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a ciki wadda hanjin jariri bai iya yaƙa ba tukuna. Wannan kam masu jego ku riƙe, ko kuna Kano ko Maraɗi.

Yanzu ga makarantar, wadda ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. A Ingila shekarar karatu daga 1 ga Satumba take ƙirguwa zuwa 31 ga Agusta. Yaro yana shiga ajin share fage na firamare a watan Satumbar da ya biyo bayan cikarsa 4. Daga nan aji 1 zuwa 6 firamare ne, aji 7 farkon sakandare ne yana ɗan 11, a aji 11 yake rubuta jarrabawar kammala sakandare da ake kira GCSE yana wajen 16. Ku lura da abin da wannan ke haifarwa. Wanda aka haifa 31 ga Agusta da wanda aka haifa washegari, 1 ga Satumba, kwana ɗaya ne tsakaninsu, amma aji guda cur ya raba su har su gama. Na Agustan zai shiga makaranta bai daɗe da cika 4 ba, ya zauna da waɗanda suka girme shi da kusan shekara.

Babu tsallaken aji irin namu, maimaita aji ma da wuya ka gani. Na ga iyayen da suka zo da yarinya 'yar shekara 10 wadda ta riga ta shiga ƙaramar sakandare a gida, aka mayar da ita firamare. Uban ya kwaso sakamakon jarrabawarta kaf, duk ita ce ta ɗaya. An karɓa, an yaba, an ce ai tana da ƙwazo, sannan aka duba fasfo aka sa ta inda ranar haihuwarta ta ce. Da farko haushi abin ya ba ni. Daga baya na ga amfaninsa, don mun sha tura yara jami'a suna 'yan 15 ba su san yadda ake zama da mutane ba. Amma har yanzu ina ganin yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa yana cutuwa da jira. Mu da ake ɗora wa hannu bisa kai a ce mu taɓo kunne kafin a ɗauke mu aji ɗaya, wannan tsarin sai a hankali.

Har ta kai idan ka tambayi shekarun yaro ajinsa ake faɗa maka. A ce "yana aji 4", kowa ya san ɗan 8 ne ko 9. Neman gurbi ma da ranarsa: 15 ga Janairu na firamare, 31 ga Oktoba na sakandare. Ka wuce ranar, sai abin da ya rage.

Tineja kuwa kamar wata ƙabila ce mai zaman kanta. Yaro ya buga ƙofa, ya ƙi gaida baƙo, ya kwana a kan waya, uwar ta ɗaga kafaɗa ta ce ai tineja ne. Todila ma idan ya kwanta a tsakiyar kanti yana birgima, akwai sunan da suka ba rigimar 'yan shekara 2, kuma da an ambace shi magana ta ƙare. Ina jin daɗin haƙurin da suke yi da ƙanana, ba duka, ba tsawa. Na manyan ne ban gama yarda da shi ba. Idan kullum ana gaya wa yaro cewa shekarunsa na rashin kunya ne, zai yi ta. Nawa na gaya musu a gidan nan babu tineja, akwai wa da ƙane, kuma za a gaida mutane.

Wani abin da bai haɗu mini ba: a Ingila ɗan shekara 10 ana iya gurfanar da shi a kotu idan ya yi laifi, amma ka bar shi shi kaɗai a gida ka tafi aiki sai ka jawo wa kanka tambayoyi. Doka ba ta yanka shekara a kan haka ba, sai dai ƙungiyar kare yara ta NSPCC tana ba da shawarar kada a bar wanda bai kai 12 ba na dogon lokaci. Don haka 'yar shekara 9 da ke goyon ƙanenta a gida, tana dafa masa, a nan ita ma yarinya ce da ake nema wa mai kula. Kada ku zo da lissafin cewa babbar yaya za ta riƙe gida.

Haya tana da tsada, kuma mai gida zai nemi takardu fiye da yadda kuke zato. Nama da kayan miya akwai su a unguwannin da Musulmi suka yi yawa. Azumi kuwa sai wani jiƙon.

Abin da nake roƙo shi ne takardu. A nan cikin kwana 42 ake yi wa jariri rajista, a ba uwa wani jan littafi da ake rubuta nauyinsa da allurar rigakafinsa, ma'aikaciyar lafiya ta biyo har gida. Duk ofishin da ka shiga da yaro, kafin a tambayi lafiyarsa an tambayi ranar haihuwarsa. Masu tahowa, ku karɓi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ku haɗo da katin rigakafi, ku tabbatar ranar da ke jikinsu ita ce a fasfo da takardun makaranta. Kada a rage wa yaro shekara, kada a ƙara, kada kuma a rubuta 1 ga Janairu don an manta. Ranar da aka sa a fasfo ita za ta zaɓa masa aji, kuma gyara ta bayan an iso wahala ce babba. Waɗanda ba su da niyyar zuwa ko'ina ma, a rubuta ranar tun kafin a watse daga taron suna.

A gaida su Hajiya da yara.

'Yar uwarku,
daga Manchesta