Inda Na Kai da Vim, da Yadda Na Sama wa Ƙ, Ɗ da Ɓ Gurbi

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Ga inda aka kwana a nawa ɓangaren na koyon Vim, manhajar buga rubutu da gyara shi da ake sarrafawa da madannai. Yatsuna sun daina laluben linzami, kuma h, j, k, l, maɓallan motsawa hagu, ƙasa, sama da dama, sun zauna daram. Wanda har yanzu fita daga Vim ke ba shi wahala ya buɗe vimtutor, darasin da ke zuwa tare da manhajar, ya bi shi tun daga farko. Kamar rabin awa yake ci, kuma yana wadatarwa a matakin farko.

Vim ba sabon abu ba ne. Bram Moolenaar, mutumin Holan, ya fitar da shi a 1991, ya ɗora shi bisa tsarin vi da Bill Joy ya rubuta a 1976, kuma bai daina kula da shi ba har rasuwarsa a 2023. Wannan tsufan na cikin abin da ya ja ni, domin an gina shi a zamanin da kwamfuta ba ta da ƙarfi. Tsohuwar kwamfutata ta cinya, wadda ke nishi in an buɗe mata manyan manhajoji, tana buɗe shi nan take, kuma ba ya shan data.

Aikina a nan Katsina buga takardu ne: kundin ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, takardun ƙungiyoyi, jerin sunayen 'yan adashe. Mafi yawa da Hausa ne, to ka ga baƙaƙe masu lanƙwasa su ne ciwon kai. Layuka uku na saka a .vimrc, fayil ɗin saitunan Vim, suka raba ni da kwafo su daga wani wuri:

inoremap ;k ƙ
inoremap ;d ɗ
inoremap ;b ɓ

Na ƙara wasu uku don manyan baƙaƙe, sannan set encoding=utf-8 a can sama. Yanzu in na danna alamar ; na bi ta da k, sai ƙ ta fito. Akwai ɗan abin lura: duk lokacin da ka danna alamar ; ɗin, Vim zai dakata daƙiƙa ɗaya yana jiran ko k na tafe. In abin ya dame ka, rage timeoutlen, saitin tsawon wannan jiran, daga 1000 (daƙiƙa ɗaya) zuwa 400. Idan kuma ba ka da harafin ma da za ka saka a fayil ɗin, kana cikin yanayin buga rubutu danna Ctrl-V, sai u, sai 0199, ƙ za ta fito. Lambar ɗ ita ce 0257, ta ɓ kuma 0253. Wanda ya ga ɗan akwati maimakon harafi ya canja salon rubutun allonsa, ba laifin Vim ba ne.

Inda na fi jin daɗi shi ne gyaran aikin da wani ya riga ya buga. Wata ɗaliba ta zo daga Ƙofar Kaura da kundi cike da k'asa, d'aki da b'era, kamar yadda aka saba a waya. Ta ce, "Malam, sai yaushe zan dawo?" Na ce, "Zauna, Malama, ba sai kin tafi ba." Na buga :%s/k'/ƙ/gc, umarnin da ke mayar da kowane k' ya zama ƙ, na maimaita wa d' da b'. Kada ku raina c ɗin nan na ƙarshe, shi ke sa Vim ya tambaye ka a kowane wuri kafin ya canja, domin kundi ba ya rasa kalmomin Turanci ko sunaye masu wannan alama. Sana'a, ma'aikata da 'ya'ya kuwa ba ruwansa da su, tunda ba k, d ko b ke gaban alamar ba.

Jerin sunaye kuma sai da qa, wanda ke sa Vim ya naɗi abin da kake dannawa. Ka danna qa, ka gyara layi ɗaya yadda kake so, ka sauka layi na gaba, ka danna q. Daga nan 200@a zai maimaita gyaran a layi 200. Sai dai a yi gyaran da motsi irin w (zuwa kalma ta gaba), f (zuwa wani harafi) da 0 (zuwa farkon layi), ba ƙidayar harafi ba, don sunan Isa da na Abdurrahman ba tsawonsu ɗaya ba.

Batun wuta: batirina ya mutu tuni, in an ɗauke wuta kwamfuta ta bi. Vim na ajiye kwafin ɓoye na abin da kake bugawa, in wuta ta dawo sai vim -r da sunan fayil ɗin. Na kuma saka set undofile, don u, maɓallin soke gyara, ya iya komawa baya ko bayan an rufe fayil an sake buɗewa.

Wasu cikinmu na kwaso .vimrc na wani mai ɗaruruwan layuka daga intanet su liƙa. Ni ban ga hikimar ba. Wannan kamar sa babbar rigar wani ce, kana tafe kana tuntuɓe da ita, ranar da abu ya lalace kuma ba ka san layin da za ka taɓa ba. Nawa bai kai layi ashirin ba, kowanne wata matsala ce ta haife shi. Neovim, wanda ya ɓalle daga Vim a 2014 kuma ake tsara shi da harshen kwamfuta na Lua, na bar shi sai gaba.

Abin da nake kai yanzu shi ne Vim a waya ta hanyar Termux, manhajar buga umarni a wayar Android, da umarnin pkg install vim. Yana aiki, amma Esc, maɓallin fita daga yanayin buga rubutu, a kan ƙaramin allo na ba da wahala, shi ya sa nake gwada inoremap jj <Esc>, don jj ya maye gurbinsa. Wanda ya riga ni haɗa waya da madannai na waje ya faɗa mana yadda ya ji da shi.