Kwana 11 da roba a jikin Baba

Ƙarshen watan nan zan bar aikin jinya a ɗakin maza na asibitinmu bayan shekara 6. Abu ɗaya ne ya ƙi barin zuciyata, shi ne gadon da ke jikin taga.

Wani dattijo aka kawo da shanyewar ɓarin jiki. Fitsari ya ƙi fita, mara ta kumbura ta yi tauri, aka sa masa robar fitsari a ɗakin gaggawa. Wannan daidai ne. A kwana na 3 ya fara magana, har yana cewa yana jin fitsari. Ni na fara lura, kuma ni na yi shiru. Mu biyu ne a aikin dare, gado 30, kuma duk wanda ya yi aiki a ɗakin nan ya san hutun da roba ke ba mu: babu canza zanin gado ƙarfe biyun dare. Ɗansa ma ya roƙe ni, "Sista, don Allah a bar wa Baba, ya fi mana sauƙi." Na ce to.

Ba rashin sani ba ne, shi ya sa abin ke min ciwo. Tun a makaranta aka koya mana cewa duk kwanan da roba ta yi a mafitsara, haɗarin ƙwayoyin cuta su shiga fitsari yana ƙaruwa da kashi 3 zuwa 7 cikin 100, wanda ya kai wata guda da ita kuwa da wuya ya tsira daga ƙwayoyin. Suna hawa ta bayan robar daga fata, ko ta cikinta daga jakar da fitsarin ke taruwa, su yi wani yauƙi a jikinta wanda magani ba ya ratsawa sosai. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kusan kashi 75 cikin 100 na ciwon mafitsara da ake ɗauka a asibiti daga roba yake.

A kwana na 9 za mu kai shi hoto, ina sauri, na ɗora jakar a kan cinyarsa. Da idona na ga fitsarin yana gangarawa baya ta cikin tiyo. Kwana biyu bayan haka ya kama rawar ɗari, jiki ya yi zafi rau, ya daina gane ɗansa. Abin da ke cikin jakar ya yi kauri kamar ruwan koko, ga wari. Gwaji ya nuna ƙwayar cutar Klebsiella, maganin ceftriaxone bai taɓa ta ba, sai da aka koma maganin meropenem. Ɗan nan nasa ya sayar da babur ɗinsa. Baba ya tashi, alhamdu lillahi, amma sai da ya ƙara mako biyu a kwance.

Takardar tuhuma ta zo da sunana ni kaɗai. Likitoci sun yi zagaye a kansa kullum, babu wanda ya ɗaga bargo ya tambayi robar. A fayil ko ranar da aka sa ta ba a rubuta ba. Metiron, shugabarmu ta ma'aikatan jinya, ta ce, "Ke ce babba a ɗakin, ke ya kamata ki yi magana." Ban musa ba, laifina ne. Amma ita ce ta ce mana roba ta fi famfas araha lokacin da muka nemi a ƙaro, kuma har yau ba ta ambaci wannan ba.

Daga ranar na fara manna filasta a kowace jaka da kwanan watan sawa, kuma a kowane zagaye ina tambaya: "Dakta, kwana 4 ke nan, har yanzu yana buƙatarta?" Wasu sun ɗaure fuska. Na ci gaba.

Sauran ƙa'idojin kula da roba ba su da tsawo. Jaka ta zauna ƙasa da mara, kada ta taɓa siminti. Kada a raba tiyo da roba don ɗibar samfur. Kowane majinyaci da mazubinsa na juye fitsari. Rashin riƙe fitsari ba dalilin sa roba ba ne, akwai ta waje mai kama da kwaroron roba. Bayan yawancin tiyata, a cire cikin awa 24. Wanda fitsarinsa ya gurɓace amma babu zazzaɓi ko wata alama, kada a ɗora shi kan maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Yanzu idan baƙi suka zo, filastan nan ake fara nuna musu, ba a faɗin inda ya samo asali. Makon jiya wata ɗaliba ta riga ni yi wa likita tambayar a gado na 12, aka cire robar kafin azahar.