Masassarar mai karɓar kemo ba ta jiran gari ya waye

A gidajenmu na Kebbi, idan ciwon daji ya kama babba, jinya kan faɗo kan yaran gida ne: wanda ya yi boko, mai waya a hannu, mai ƙarfin bin layi a asibiti. Da ku nake, ƙannena. Za a miƙa muku kati da ranar dawowa, amma jinyar gaske tana tsakanin wannan zuwa da na gaba, lokacin da likita yana Birnin Kebbi ko Sakkwato, ku kuma kuna Argungu ko Jega ko Yauri da maras lafiya a ɗaki.

Magungunan kemo, wato waɗanda ake yaƙar ciwon daji da su a asibiti, suna kashe ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa, shi ya sa gashi ke zubewa, baki ke fashewa. Haka suke taɓa ɓargo, inda jiki ke samar da fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Waɗannan sukan yi ƙasa sosai tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an sa magani, daidai lokacin da amai ya lafa, kowa ya saki jiki ana cewa sauƙi ya samu. Cutar da ta shiga jini a wannan tsakanin, awanni kaɗan sun ishe ta ta kayar da mutum. Saboda haka da zarar zafin jiki ya kai 38 a ma'auni, a kira likita ko da tsakar dare ne. A asibiti ma so ake a fara ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa ɗaya da isowarsa.

Lokacin da nake jinyar Innarmu damina ce, sauro ya cika fadama, rabin unguwa na kwance. Da ta fara rawar ɗari na taɓa goshinta na ce maleriya ce. Na je kemis na karɓo maganin maleriya da farasitamol, jiki ya huce, na yi hamdala na kwanta. Ashe alamar kawai na rufe, cutar tana nan tana ci. Washegari da la'asar sai ga Inna tana kiran sunan yayanta da ya rasu tun muna yara, hannuwanta sanyi ƙalau, tun safe ba ta yi fitsari ba. Allah Ya sa da sauran kwana. Likitar da ta karɓe mu ba ta yi mini faɗa ba, tambaya ɗaya ta yi: "Jiya nawa zafin jikinta ya kai?" Na yi shiru, don babu ma'auni a gidan, alhali kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Maleriya tana kama mai kemo, amma gwajin asibiti ne zai faɗa, ba tafin hannunka ba. A auna kafin a ba da farasitamol. Rawar ɗari ko ruɗewa kuwa, ko ma'auni bai nuna zafi ba, a tafi.

Abin da ya fi wahala shi ne kunya da dauriyar iyayenmu. "Kada ka dami likita, ɗan nan, mutane sun yi masa yawa," haka Inna kan ce. Uwa ba za ta gaya wa ɗanta namiji cewa jini na zubar mata ba, ko bayan gidanta ya koma baƙi kamar kwalta, wanda alama ce ta zubar jini a ciki. Nemo ƙanwarta ko 'yarta ta riƙa tambayarta a keɓe kullum. Haɓon da ya ƙi tsayawa, jini a dasashi, tabon jini a ƙarƙashin fata ba tare da an buge ba, duk na kira ne nan take, don kemo yana rage abin da ke tsayar da jini. Masu tallan magani a faranti kuwa, asfirin da daikulofenak ɗinsu ƙara zubar jinin suke yi.

Amai ko zawon da ya wuce yini da kwana, ko wanda ya hana ruwa zama a ciki, a bazararmu da zafi ke haura 40, ƙoda yake taɓawa. A ba da ruwan gishiri da sukari, amma a kira. Haka in ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya riƙa sarƙewa, jini ne zai iya daskarewa a jijiya. Sabon ciwon baya tare da mutuwar ƙafafu ko riƙewar fitsari ba na mai ɗori ba ne. In aka makara mutum na iya rasa tafiya har abada. Yaro mai ƙarambau ko ƙyanda ya zauna kusa da maras lafiya, shi ma a sanar.

Masu dubiya za su zo da jiƙo a gora, kowa da labarin wanda ya warke. A karɓa da godiya, a ajiye sai an tambayi likita, don wasu saiwoyin suna haɗuwa da kemo su wahalar da hanta. Addu'a dai ba ta karo da kowane magani. Batun azumi ma a yi shi da likita tun watan Sha'aban.

Tun ranar farko ku nemi lambar da za a kira da daddare, ku rubuta ta a bayan kati tare da sunan maganin da ranar da aka sa na ƙarshe. A tanadi lambar direba da kuɗin mai daban, tunda wasu hanyoyinmu ba sa biyuwa bayan magariba. Mai dangi a cikin gari gara ya yi mako na biyu bayan an sa magani a wurinsu. Idan wayar likita ba ta shiga ba, a nufi babban asibiti mafi kusa, kuma kafin ma a gama gaisawa ka ce wa ma'aikacin jinya: "Tana karɓar kemo, ga ranar da aka sa mata na ƙarshe, zafin jikinta ya kai kaza."