Koyar da kare daji a ajin da ake girki da gawayi

Ina koyar da kimiyya a aji biyar a wata makarantar firamare da ke cikin badalar birnin Kano, kuma yawancin yaran da ke gabana ba su taɓa taka daji ba. Dajin Falgore da ke kudancin jihar nan a bakin manya kawai suke jin sunansa. Da aka ɗora mini nauyin kafa ƙungiyar kare muhalli a makarantar, gabanin Ranar Muhalli ta Duniya da ake yi kowace 5 ga Yuni, sai na fara da abin da suka sani, wato unguwanninsu. Kurna, Ɗorayi, Durumin Iya, Kasuwar Rimi, duk bishiyoyi ne suka ba su suna, na kuma tura yara su tambayi kakanninsu ina bishiyoyin suka tafi. Hadisin da ya nuna cewa abin da tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci daga shukar Musulmi sadaka ne gare shi, sun riga sun haddace shi a Islamiyya. Wannan ɓangare bai ba ni wahala ba ko kaɗan.

Matsalar ta zo ne daga wani babban hoto da wata ƙungiya ta raba wa makarantu tare da dashe. An zana mutum da gatari a kafaɗa da buhun gawayi a gefensa, an ja jan layi an soke shi, a ƙasa kuma an rubuta cewa shi maƙiyin ƙasa ne. An liƙa hoton a bangon aji, aka yi darasi a kansa. Kafin a tashi tara, yara sun riga sun gano wanda ya dace da zanen a cikinsu: wata yarinya mai ƙoƙari ƙwarai, wadda mahaifinta ke sayar da gawayi da itace a bakin layinsu. Suka sa mata suna 'yar kashe daji, suna binta da shi har ƙofar gida. Ta daina zuwa makaranta, kuma jarrabawar wannan zango ta wuce ta.

Har yau idan na tuna wannan hoto raina ɓaci yake yi. Wanda ya zana shi bai tsaya ya tambayi kansa da me ake dafa tuwo a gidajen yaran da za su kalle shi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 rayuwa ta yi tsada, gidaje da yawa da na sani sun ajiye tukunyar gas sun koma kurfoti, har da gidana. Yaran da suka riƙa tsokanar yarinyar nan, da gawayin mahaifinta aka dafa kokon da suka sha da safe. To, wane ne maƙiyin ƙasa a cikinmu?

Mahaifin ya zo makaranta da kansa, dattijo mai natsuwa, bai ɗaga murya ba. Ya ce: "Malam, na kawo ta ne ku koya mata karatu, ban kawo ta don ta koma gida tana jin kunyar sana'ata ba." Na ce: "Baba, gaskiyarka ce, a yi mana afuwa." Muka zauna a ƙarƙashin darbejiyar harabar makaranta, hira ta yi nisa, sai na gane cewa mutumin da aka soke da jan layi ya fi duk malaman makarantar sanin itatuwa. Ya bambance mini gawayin ƙirya, wanda maƙera ke nema saboda ƙarfin wutarsa, da na marke. Ya ce yana yaro jakuna ne ke shigo da itace daga ƙauyukan da ke kewaye da birni, yanzu kuwa sai manyan motoci daga nesa, kuma kowace shekara nisan ƙaruwa yake yi, kuɗin mota na cinye ribar. Ƙarewar daji ta fi damunsa fiye da yadda ta dami kowa a cikinmu, domin abincin iyalinsa ne ke ƙarewa.

Na roƙe shi ya shigo aji, ya yi ta nauyin baki, daga baya ya amince. Ranar da ya zo, an riga an cire hoton. Ya yi wa yara bayanin gawo, bishiyar da ke zubar da ganye da damina ta yi kore da rani, shi ya sa manomi ba ya sare ta: ba ta tare wa gero rana, ganyenta taki ne, 'ya'yanta abincin dabbobi. Ya nuna musu bambancin mai sassabe reshe ya bar uwar bishiya da mai tumɓuke ta har saiwa. Daga nan na ɗora da labarin manoman yankin Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, waɗanda tun shekarun 1980 suka riƙa barin kututture ya yi toho, su zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi su rena, su rage sauran su yi girki da su, har gonaki masu yawa suka sake cika da bishiyoyi. Yara sun fahimci wannan fiye da duk bayanin da na yi musu a kan shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wato shirin shuka bishiyoyi don tare kwararowar hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, duk da cewa Kano na cikin jihohi 11 da shirin ya shafa a Nijeriya. Yarinyar ta dawo, kuma a ranar ita ce ke miƙa wa mahaifinta ganyayen da yake nunawa.

Malamin da zai yi irin wannan aiki, shawarata gare shi ita ce ya duba rajistar ajinsa ya san sana'ar iyaye kafin ya liƙa komai a bango, ko da kuwa kyauta aka kawo shi da tambari mai kyau. Yaro ɗan shekara goma ba ya jin "sare itace barkatai" a matsayin matsalar ƙasa. Fuskar wani yake nema ya ɗora wa laifin, kuma ta kusa da shi zai samu. A ba shi abin da hannunsa zai iya yi. Mu yanzu ledojin fiya wata da ke toshe mana kwata muke tsincewa, mu huda ƙasansu, mu cika da ƙasa da taki, mu shuka tsamiya da zogale da gawo. Ƙwayar gawo tana da tauri, sai an ɗan kankare bayanta ko an jiƙa ta a ruwan zafi kafin ta tsiro, wannan ma dattijon ne ya koya mana. Muna kuma magana a kan rufe tukunya, da jiƙa wake kafin a ɗora, da kashe garwashi idan an gama girki, abubuwan da yaro zai faɗa wa mahaifiyarsa ba tare da ya zarge ta da komai ba.

Na rubuta wa waɗanda suka raba hoton wasiƙa na bayyana musu abin da ya faru, na nemi su janye shi. Da na je taron malamai a wata makaranta a zangon da ya wuce, na tarar da shi a bangon aji huɗu, na nemi shugaban makarantar na ba shi labarin ɗalibata, ya sa aka sauke shi a gabana.