Rigar Sallar da ta ƙona mini yaro

Na fi shekara ashirin a kan keken ɗinki a Zango, amma sai da ɗana ya ƙone na gane ban san yadi ba.

Yaron zabiya ne. Tun yana goye mun lura rana na wahalar da shi, ya riƙa runtse ido, kumatu su yi ja. Abin da muka ɗauka magani shi ne man kaɗe da tufafi marasa nauyi. Da ƙaramar Sallar 2023 ta faɗo cikin Afrilu, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40, sai na ce bari in tausaya masa. Na yanko farin yadi shara-shara wanda iska ke ratsawa, na yi masa riga da wando, na kwana ina zuba masa aiki a wuya da ƙirji.

Daga idi muka zarce Birni kallon hawa. Ran nan akwai ƙura a sama, rana ta yi dishi-dishi, har ina cewa Allah ya rufa mana asiri. Yana bisa wuyana a ƙofar fada tun hantsi har kusan azahar. Ko uffan bai ce ba, dawaki da kakaki sun ɗauke masa hankali.

Sai bayan isha'i ya ce, "Baba, bayana wuta." Uwarsa ta tuɓe masa rigar, na haska fitilar waya. Kafaɗu da gadon baya jajawur, kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Da na juyo shi sai jikina ya mutu. Zanen aikin da na yi ya fito raɗau a ƙirjinsa: inda zare ya yi kauri fata na nan fara tas, kewaye duk ja. Kafin gari ya waye kunnuwa da ƙeya sun yi bororo. Kakarsa ta ce a kawo allura a fasa, saura kaɗan in biye mata.

Majon da ya duba shi a asibiti ya tambayi sana'ata. Na ce tela. Ya karɓi rigar ya ɗaga ta wajen taga, ya ce, "Malam, me kake gani?" Har reshen dogon yaro na hango ta cikinta. Ya ce to yadda idona ya ratsa, haka hasken ya ratsa. A wurinsa na fara jin cewa zafin rana daban, abin da ke ƙona fata daban. Wani haske ne da ido ba ya gani, UV ake ce masa, ƙura da gajimare ba sa tare shi duka. Mu baƙar fata sinadarin melanin ke kare mu, jikin zabiya kuwa ba ya yin sa yadda ya kamata. Ya hana a fasa bororon, ya ce a riƙa ɗora tsumma mai ruwan sanyi, ban da ƙanƙara, yaro ya sha ruwa sosai. Sannan ya faɗi wadda ta hana ni barci: ƙunar tana taruwa ne shekara da shekaru, ita ke kai zabiya ga ciwon dajin fata, don haka duk gyambon da ya ƙi warkewa a kunne ko leɓe kada a zauna da shi a gida.

Yanzu in na shiga Kasuwar Dole, ba na taɓa yadi in ji laushinsa kawai. Fita nake da shi bakin rumfa in ɗaga wa rana. Masu shago sun yi ta yi mini dariya, wani ya ce, "Maigida, kuɗin jabu kake dubawa?" Mai saƙa a matse nake nema, kuma mai duhu, shuɗi ko ruwan ƙasa. Mutane na cewa baƙin tufa zafi gare shi. Gaskiya ne in ya ɗame jiki. Amma a dubi Buzaye, cikin Sahara suke yawo da baƙin rawani da riga har ƙasa. Sirrin a yanka yake, a sake shi iska ta zaga. Hannu nakan kai shi har bayan tafi, in tayar da kwala ta rufe ƙeya. Rigar da ta sha wanki kuma daga kafaɗa take fara sirancewa, daidai inda rana ke sauka, sai in mayar da ita ta zaman ɗaki.

Hula ce ta ba mu wuya. Ƙube ado ce kawai, kunne a waje yake. Na sayo malfa, ashe ita ma tana yoyon rana ta ƴan ramukan saƙa, sai na yi mata shafi da yadi daga ciki. Sati guda ya kai ta lakwal ya ce ya fasa, yara na kiransa manomi. Dole na zauna na ɗinka wata ta yadi mai faɗin baki, irin ta ƴan ƙwallon da yake gani a talabijin, darakta kuma ya yarda ya sa ta da dogon hannu.

Man kariya daga rana mai lamba SPF 50, wato ma'aunin ƙarfin kariyarsa, yana da kyau, sai dai tsada, ga shi ana so a sake shafawa duk bayan awa biyu. Don haka fuska da kunne da bayan hannu da ƙafa kaɗai muke shafa wa, saura aikin yadi ne. Man kaɗe mun bar shi sai dare, laushi yake sawa, ba ya tare rana. Daga ƙarfe 10 zuwa 4 na yamma ba a aikensa ko shagon maƙwabta, ko da yake na sha kama shi a fili ya jefar da hula yana bin ƙwallo. Ranar 13 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa zabiya tun 2015, akan ji maganarsu a rediyo, daga nan shiru sai baɗi.

Yaron kuma girma yake yi kamar ana jan sa. Wata shida hannun riga ya ɗage, wuyan hannu ya fito ya yi ja. Shi ya sa yanzu nake barin lanƙwasa yatsa uku a kowane hannu, in ya ɗage in warware.